Mai Littafi da Jinkar Rumbunsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne kamar kowa, sai dai yana da abu guda wanda ba kowa ke da shi ba, wato littafi. Ba bugagge ba ne, da hannunsa ya rubuta shi. Yana saurayi ya tafi birni cin rani, ya sami aikin shara da goge-goge a gidan wani tsohon malamin makaranta wanda littattafai suka cika masa ɗaki har bakin taga. A nan ya koyi karatu. In ya gama aiki sai ya ɗauki ɗaya ya buɗe, duk inda ya ci karo da maganar hikima da wani marubuci ko wani mai zurfin tunani ya yi a kan zaman duniya, sai ya kwafe ta cikin wani littafi mai baƙin bango. Shekara shida yana wannan. Da ya komo gida bai zo da keke ba, bai zo da rediyo ba, littafin nan ya zo da shi ƙunshe cikin tsumma. Tun daga ranar sunansa na asali ya ɓace, kowa sai Mai Littafi.

Kada ku ce mugun mutum ne. Bai taɓa cin iyakar gonar kowa ba, bai taɓa fashin sujada ba. Maganganun da ya tara kuma masu kyau ne ƙwarai, yawancinsu a kan abota. Abin da ya same shi shi ne, ya karanta su har ya kamu da ƙishin irin abokin da suke kwatantawa. Shi dai a duniya aboki yake so, na gaske, irin na cikin littafi. Da matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma ta yi aure can nesa, sai ƙishin nan ya ƙaru.

To, a ƙauyen nan akwai wata al'ada. Jinkar rumbu a ƙasa ake ɗaura ta, a yi mata tanka, wato a ɗaɗɗaure sandunanta a kewaye, a baibaye ta da shuci, wato ciyawar rufi, sa'an nan a ɗaga ta a ɗora. Jinkar da aka gama baibaya kuwa nauyi gare ta, ba ta ɗaguwa sai da maza takwas ko goma. Saboda haka duk wanda ya gama tasa yakan je ya gaya wa maƙerin garin, maƙeri ya busa ƙaho, maza su taru, kowa da ƙullin igiya guda a hannu domin ɗaure jinkar kada iska ta ɗauke ta. Dokar kuma ɗaya ce, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: wanda bai sa kafaɗarsa ƙarƙashin jinkar wani ba, ran da tasa ta tashi ba wanda zai zo masa.

Mai Littafi yana da abokai da farko. Akwai maƙerin nan, mutum mai surutu, in ya fara labari ƙarfe yakan huce a hannunsa bai sani ba. Wata rana Mai Littafi ya karanta cewa abokin kirki yakan auna maganarsa kafin ya sake ta. Ya dubi maƙeri, ya ga ko mudu ba shi da shi balle awo, sai ya daina zuwa maƙera. Akwai wani masunci kuma da suke shiri. Mai Littafi ya yi zazzaɓi, masunci bai zo gaishe shi ba sai rana ta uku. Littafi kuwa ya ce aboki yakan ji ciwonka tun kafin ka faɗa. Shi ke nan, aka soke masunci. Haka ya dinga ɗora mutane a kan maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, kowa aka ɗora sai ya kasa, har ya rage saura mutum guda.

Sunansa Ciwake. Tare suka yi kiwon awaki tun ba su san sa wando ba. Sana'arsa tufkar igiya, kuma in akwai mutumin da Allah ya yi wa ƙarancin magana, to, shi ne. Kowace la'asar yakan zo da damin rama a kafaɗa, ya zauna a kan wani dutse a gindin tsamiyar ƙofar gidan Mai Littafi, ya maƙale bakin igiya a wani turke da ya kafa a wurin, ya yi ta murzawa a cinya. Mai Littafi yana karatu da ƙarfi, shi yana tufka. In an kai ƙarshen magana ya ce, "To." In maganar ta yi daɗi sosai ya ce, "Haka ne." Tun da matar Mai Littafi ta rasu, Tabita matar Ciwake ta ƙara tuwo a tukunyarta, Ciwake da kansa yake kawo kwanon, su wanke hannu su ci tare kafin rana ta faɗi.

Ran nan Mai Littafi ya buɗe wani shafi da yake ƙauna. Maganar ta ce abokin gaskiya shi ne wanda in kun rabu da yamma, ka koma ɗaki da wani abu a zuciya wanda ba ka fito da shi ba. Ya karanta ta sau biyu a hankali. Ya rufe littafin, ya tambayi Ciwake abin da ya gani a cikinta. Ciwake ya juya igiyar da ke hannunsa, ya dube ta da kyau, ya ce ramar bana ba ta jiƙu sosai ba.

Mai Littafi ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya miƙe tsaye ya ce, "Shekara talatin kana zaune a kan dutsen nan. Shekara talatin ina zuba maka hikimar duniya a kunne, ba ka taɓa faɗin kalma ɗaya da ta isa a rubuta ba. Ni aboki nake nema, ba dutse a kan dutse ba."

Ciwake ya tashi. Ya cire igiyarsa daga turke, ya naɗe ta a gwiwar hannu kamar yadda ya saba, ya ɗauki sauran ramar, ya yi masa sai gobe. Kashegari ya zo da kwanon tuwo ya tarar da ƙofa a rufe. Ya dawo rana ta biyu, haka. A rana ta uku Mai Littafi ya yi magana daga bayan ƙyaure, ya ce kada ya ƙara wahalar da kansa. Daga nan Ciwake bai sake zuwa ba.

Makon farko Mai Littafi ya ji daɗi, ko kuwa ya gaya wa kansa ya ji daɗi. Ai akwai shafin da ya ce mai hankali ba ya jin kewa domin tunaninsa yana taya shi hira. Ya zauna da tunanin nasa. Amma la'asar tana da tsawo in ba kowa. Yakan fito gindin tsamiya ya buɗe littafi ya yi karatu da ƙarfi, in ya kai ƙarshen magana sai ya tsaya kaɗan, bai san ma yana yi ba, yana jiran "To" ɗin nan. Ba abin da yake ji sai kaji suna tono. Ya koyi tuƙa tuwo da kansa, wani lokaci da gudaji, wani lokaci ya ƙone, ya ci shi a tsaye a bakin murhu don zama da kwano shi kaɗai ya fi yunwar ciwo. Turken nan bai tuge shi ba. Ya ce wai zai yi amfani wajen ɗaure akuya, alhali ba shi da akuya.

Ran Lahadi yakan zauna a bencin baya, da an yi addu'ar rufewa ya sulale kafin a fara gaishe-gaishe. In ya ji ƙahon maƙeri, sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ya san Ciwake zai kasance a wurin, ya san maƙeri da masunci za su kasance, da wane ido zai dube su? Shekara ɗaya, biyu, har bakwai, bai sa kafaɗa ƙarƙashin jinkar kowa ba. Tasa jinkar kuwa tana ta tsufa. Gara ta shiga tanka, shuci ya yi baƙi ya fara zubewa. Kowace shekara ya hau ya toshe nan da tsohuwar zana, ya rufe can da buhu, don kada ta kai shi ga roƙon kowa.

Hanyar rafi ta bi ta bayan dangarsa, ta nan Ciwake yake wucewa zuwa inda yake jiƙa rama. Yakan rage sauri, ya ɗaga kai ya dubi cikin gidan ta saman danga, ya yi sannu da aiki. Mai Littafi ya amsa a gajarce ba tare da ya juyo ba. A ransa yana cewa leƙe ya zo yi, ya ga yadda na lalace. Amma da ƙarar takalmin ta yi nisa sai ya juyo ya bi hanyar da kallo. Gaskiyar magana, yana kewar mutumin nan ƙwarai. Sau da yawa ya yi niyyar kiransa, sai ya ce bari tukuna ya samo kalmomin da suka dace da ban haƙuri, don mutum irinsa ba zai je ya ce "yi haƙuri" kawai kamar kowa ba. Ya duba littafin daga farko har ƙarshe bai sami wadda ta gamshe shi ba.

A ranin shekara ta bakwai Ciwake ya kwanta da ciwon ƙirji. Mai Littafi ya ji labari a bakin mata masu zuwa rijiya, ya ce gobe zai je. Goben ta zama jibi. Wata safiya yana ba kaji dusa sai ya ji ƙararrawar majami'a, ba irin bugun Lahadi ba, ɗaya-ɗaya a hankali. Ƙwaryar ta faɗi daga hannunsa. Ba sai an gaya masa ba.

Kun san abin da ya yi? Ya shiga ɗaki ya ɗauko littafi, wai zai zaɓi maganar ta'aziyya da zai yi wa Tabita. Akwai maganganu a kan mutuwa kusan ashirin a ciki. Wannan ta yi tsawo, waccan ta yi sanyi, wata kuma Tabita ba za ta gane ba. Yana cikin zaɓe aka yi jana'iza. Yana cikin zaɓe aka yi kwana uku. Bayan nan kuma kunya ta rufe shi, ya ga ai lokaci ya wuce. Ya zauna a gindin tsamiya ya yi tagumi, ya dubi dutsen nan har rana ta faɗi.

Wata biyu bayan haka, da bazara ta kama, wata guguwa ta taso da tsakar rana ta bi ta gidansa. Ta ɗauke tsohuwar jinkar kamar faifai, ta watsar da ita a gonar bayan gida. Rumbu ya tsaya baki buɗe yana kallon sama, ga dammunan dawa da gero a ciki, abincinsa na shekara da irin da zai shuka. Ruwan farko kuwa ana sa ransa kowace rana. In ya sauka a kan hatsin nan, zai jiƙe ya ruɓe, ba abin ci, ba abin shukawa.

Ya yi ta maza. Ya saro itace, ya yanko shuci, ya yanta shi, ya ɗaura sabuwar jinka a tsakar gida shi kaɗai. Kwana tara yana yi, ya tattara duk 'yan igiyoyin da suka rage a gidan, har da ta guga, suka ƙare ƙaf wajen tanka. Ya yi baibaya mai kyau, ba laifi, hannunsa bai manta ba. Da ya gama ya ja da baya ya dube ta, sa'an nan ya dubi rumbu, ya san ba ta ɗaguwa ga mutum ɗaya.

Duk da haka ya gwada. Ya sa kafaɗa a gefe guda ya yunƙura, ta ɗan ɗaga kamar taki ɗaya ta koma. Ya samo gwafa ya tokare wannan gefe, ya zaga wancan, kafin ya ɗaga gwafar ta zame, jinkar ta faɗo ta kusa danne masa ƙafa. Ya zauna a ƙasa yana haki. Da ya ɗaga ido gabas, sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen tsamiya. Littafin yana kan tabarma kusa da shi, iska tana buɗe shafofinsa. Marubuta da masu tunani fiye da ɗari ne a cikinsa, amma ba mai kafaɗa ko ɗaya.

Ya tashi ya kai littafin ɗaki, ya nufi maƙera. Hanyar ba ta da nisa, amma bai taɓa yin tafiya mai wuya kamarta ba. Ya san dokar. Ya san abin da za a ce masa, ya kuma san gaskiya za a faɗa. Ya tarar da maƙeri yana kwashe kayan aiki saboda ruwa. Duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu. Abin da ya fita daga bakinsa kawai shi ne, "Jinkata tana ƙasa. Na san ba ni da bakin roƙo."

Maƙerin nan mai surutu, ranar bai yi surutu ba. Ya dube shi, ya dubi gabas, ya shiga ɗaki ya fito da ƙaho da wani babban ƙullin igiya sabuwa fil, ya busa sau uku. Kafin su isa gidan, maza sun fara fitowa daga lunguna, har da masunci da furfurarsa. Ba wanda ya tambayi kome, ba wanda ya yi masa gori. Mai Littafi ya rasa abin da ke faruwa.

Suka kewaye jinkar, kowa ya kama wurinsa kamar yadda suka saba. Sai ya lura an bar wani gurbi a gefe guda, mai faɗi, wurin mutum biyu, ba wanda ya matsa ya cike shi. Maƙeri ya nuna masa ɓangaren hagu na gurbin ya ce ya tsaya nan, wurinsa ke nan. Ya tsaya. Aka sunkuya, aka ce hoɓɓasa, jinka ta tashi. Nauyin ya sauko masa a wuya har idonsa ya yi duhu, gama damansa ba kowa. Aka taka a hankali, aka ɗaga, aka ɗora, ta zauna daram. Masunci ya hau da sabuwar igiyar nan ya ɗaure ta ta kusurwa huɗu. Yana saukowa ɗigon farko ya faɗo.

Suka fake a zaure, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Mai Littafi ya matsa kusa da maƙeri, ya tambaye shi a hankali dalilin da ya sa suka zo, shi da ya yi shekara bakwai bai amsa ƙaho ba.

Maƙeri ya ce wa ya gaya masa bai amsa ba? Ya ce tun shekarar farko da aka ga ba ya zuwa, mutane suka ce a cire shi. Ciwake bai yi musu da kowa ba. Ran da aka sake busa ƙaho sai ya zo da ƙullin igiya biyu maimakon ɗaya, ya je ya tsaya a wurin mutum biyu, ya buɗe hannuwa. Aka ce masa ya matsa wani ya shigo, ya ƙi.

"Ka san shi da magana," in ji maƙeri. "Abu ɗaya ya faɗa. Ya ce, ‘Kafaɗar dama tawa ce, ta hagu ta Mai Littafi ce.’ Haka ya yi shekara bakwai, ba jinkar da aka ɗaga a garin nan ba da kai ba. Mun yi masa faɗa, mun ce zai karya kansa, ya yi biris da mu."

Maƙeri ya nuna rumbu ta ƙofar zaure, ya ce igiyar can ma da aka ɗaure jinkar da ita, Ciwake ne ya tufka ta yana kwance, da ƙyar yake murzawa. Ya aika aka kira maƙeri ya ba shi ajiya. Ciwake ya ce masa kullum in zai wuce rafi yana duba jinkar abokinsa ta saman danga, ya ga ba za ta kai damina ba, kuma ya san ba shi da igiya.

Ruwa ya ɗauke wajen la'asar, mutane suka watse. Hatsi ya tsira, ko ƙwaya ba ta jiƙe ba. Mai Littafi ya fita, bai ɗauki littafi ba, ya bi taɓo har gidan Ciwake. Tabita tana bakin ƙofa tana tsince wake. Ta yi masa sannu da zuwa, ta shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, ba abin da ya fito, sai hawaye. Ta bar shi. Suka zauna haka, tana tsince wakenta, har inuwa ta yi tsawo. Da ya tashi zai tafi ta ce, "Na gode, Malam. Haka shi ma yake zama." Ta shiga ciki ta fito da kwanon tuwo, kwanon nan dai na dā, ta miƙa masa.

Da ya koma gida ya ɗauko littafin. Saura shafi ɗaya da ba a rubuta kome ba, na ƙarshe. Ya zauna a gindin tsamiya kusa da dutsen, ya rubuta maganar kafaɗar nan, ya sa sunan Ciwake a ƙasa. Ya karanta ta da ƙarfi. Ya tsaya kaɗan yana jira, kamar yadda ya saba. Ba wanda ya ce "To."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kuma ina roƙonku ku saurara da kunnen kanku, kada kowa ya saurara wa maƙwabcinsa.

Littafin nan ba shi da laifi. Maganar hikima kyauta ce daga Allah, waɗanda suka zauna suka yi tunani suka rubuta sun yi mana alheri. Ku karanta, ku kwafa, ku haddace. Kuskuren Mai Littafi shi ne, duk maganar da ya karanta a kan aboki, sai ya juya ta ya auna wani da ita. Bai taɓa tsayawa ya ce, ni fa, wane irin aboki ne? An ce aboki yakan ji ciwonka kafin ka faɗa. Ya tuna da wannan ran da shi ya yi zazzaɓi, ya manta da ita ran da Ciwake ya kwanta. Mu ma haka muke. Mukan fito daga sujada muna cewa yau wa'azi ya taɓa wane, da ma wance ta zo ta ji. Har maganar Allah mun mai da ita ma'aunin auna jama'a, mu kuwa ba ma hawa.

Jinkar kuma ita ce nauyin da zai zo wa kowa. Ciwo ne, ko rasuwa, ko tsufa, ko wata damuwa da ba ka iya gaya wa kowa. Kana iya ɗaura abubuwa da yawa kai kaɗai, ka yi musu baibaya mai kyau, mutane su wuce su yaba. Amma akwai ranar ɗagawa. A ranar, iliminka ba zai kama maka gefe ɗaya ba. Mutanen nan da ka raina, mai surutun, da wanda ya makara bai zo gaishe ka ba sai rana ta uku, su ne Allah ya ba ka. Ba wasu a ajiye a wani wuri da suka fi su. In kana jiran aboki marar aibi, za ka ci tuwonka a tsaye har ka tsufa.

Na san akwai masu irin wannan zaman a cikinmu yau. Kana bencin baya, da an ce amin ka fita. Akwai wanda kuka ɓata shekara da shekaru, kana kewarsa, kana cewa sai ka sami yadda za ka fara maganar. Ɗan'uwana, ba za ka samu ba. Mai Littafi yana da maganganu fiye da naka, bai samu ba. Ta'aziyyar da Tabita ta karɓa ta gode, ba kalma ko ɗaya a cikinta. Ka je kawai. In baki ya ƙi buɗuwa, ka zauna.

Wanda kuma yake kamar Ciwake a nan, wanda bai iya magana ba, bai iya addu'a mai tsawo a gaban jama'a ba, har yana ganin kansa ba kome ba ne, kada ka karai. Kwanon da kake kaiwa da igiyar da kake tufkawa, Allah yana gani. Kai ne ka fi kama da Ubangijinmu Yesu. Gama lokacin da muka rufe masa ƙofa, muka ce kada ya ƙara wahalar da kansa, bai yi fushi ya cire sunanmu ba. Ya je ya tsaya a gurbinmu, ya ɗauki nauyin da yake namu a kafaɗarsa, mu ba mu ma sani ba. Ya ga rufinmu ba zai kai damina ba tun muna cewa lafiya lau muke.

Sai dai ga inda misalin ya bambanta. Ubangiji yana da rai, wanda ya komo gare shi yau zai same shi. Amma abokinka mutum ne, kwanakinsa ƙidayayyu ne kamar naka. Mai Littafi ya tsirar da hatsinsa, ya sami jama'arsa, har ya sami maganar da ta fi dukan na littafinsa. Abu ɗaya ne bai samu ba, kuma ba zai ƙara samu ba a duniyar nan: ya ce wa Ciwake na gode.

Naka Ciwaken, in yana da rai, ka san hanyar gidansa. Kada ka bari sai ka ji ƙararrawa.